Kwamfutarka Ba Ta Mutu Ba, Kada Ka Kai Wa 'Yan Jari-Bola

Yau da ɓacin rai na zauna rubutu, don haka a yi mini uzuri in harshena ya yi kaifi.

Ranar Asabar da ta wuce ina rumfar Baba a kasuwar Mile 12, ina lissafin buhunan albasar da aka sauke mana daga Aliero, sai na hango wani Alhaji abokin Baba riƙe da laftof a leda yana ciniki da yaron jari-bola. Na matsa na gaishe shi, na ce, "Baba Alhaji, me ya same ta?" Ya ce, "Ai ɗana, ta mutu." Wai ya kai ta wajen wani mai gyara, an ce masa zamaninta ya wuce, Windows ɗinta ya daina aiki, sabon kuma ba zai hau kanta ba, sai dai ya sayi wata. Kuma abin mamaki, mai gyaran yana da wata ta sayarwa a nan cikin shagonsa! Na karɓa na danna, ta kawo wuta garau. Allo lafiya, kibod lafiya, batir ne kawai ya yi sanyi. Saura ƙiris a sa mata guduma don a ciro ɗan jan ƙarfen da ke cikinta.

To jama'a, bari mu fayyace maganar nan, don na san ba Baba Alhaji kaɗai aka faɗa wa haka ba. Rabin gaskiya mai gyaran ya faɗa, ya haɗiye rabin. Gaskiya ne kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, bayan shekara goma da fitowarsa a 2015, sai dai ƙarin wa'adin shekara ɗaya da ya ba waɗanda suka yi rajista. Gaskiya ne kuma Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana da sharuɗɗa. Yana son wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a masarrafan Intel yawanci daga zubi na 8 zuwa sama yake karɓa. Ke nan galibin tokumbon da mutanenmu suka saya, masu Core i3 da i5 zubi na 3 ko na 4, ba sa cikin lissafi. Amma wannan ba ya nufin na'urar ta mutu. Babbar manhajar da ke tuƙa ta ce aka daina yi wa faci. In direba ya ajiye aiki, tirelar ake kai wa 'yan gwangwan, ko wani direban ake nema?

Ban ce a ci gaba da zama kan tsohon Windows ana shiga banki da shi kamar ba abin da ya faru ba. Manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka kamar rumfa ce da makullinta ya lalace. A watan Mayun 2017 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, ta kulle bayanan mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Alhali tun watan Maris na shekarar an fitar da facin da ke toshe kafar. Waɗanda ba su saka ba su ta kama. To ina ga wanda facin ma ba zai sake zuwa masa ba?

Sannan ga ɗabi'ar tamu da ta fi ba ni haushi. Da kwamfuta ta fara nauyi, sai a ɗauke ta a hau danfo a kai ta "fomatin". A biya kuɗi, a loda mata Windows na sata, da Office na sata, a haɗa da wata 'yar manhajar fasa makulli wadda shi kansa mai lodawar bai san abin da aka cusa a cikinta ba. Bayan wata uku a sake komawa. Ni kaina sau huɗu na yi wannan zarya da tawa, har wata rana aka share mini lissafin bashin da ake bin kwastomominmu na wata biyar. Ranar Baba bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Littafina dai bai taɓa yin fomatin ba." Wannan maganar ta fi mari zafi.

Ita ce ta sa na nemi mafita, har na san Linux. Babbar manhaja ce kamar Windows, amma kyauta ce, kuma halal ne ka kwafa ka ba wani, babu sata a ciki. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991 yana ɗan shekara 21, wato bai ma kai shekaruna ba. Kala-kala ce. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, sunan ma daga harsunan can aka ɗauko shi, ma'anarsa mutuntaka. Akwai Linux Mint, ita na fi ba sabon shiga shawara, don fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da ka saba. RAM mai 2GB ma tana tashi a kai, da 4GB kuwa sai son barka, kuma zubi na 22 za a ci gaba da yi masa faci har 2029.

Na san abin da wani zai ce: banza ba ta kai zomo kasuwa, in da abin kirki ne ba za a bayar kyauta ba. Malam, zaro wayarka daga aljihu. In Android ce, to a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. Tun Nuwamban 2017 duk kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya Linux suke amfani da shi. Kullum kana riƙe da abin a hannunka kana tura kuɗi da shi, amma da an ce ka sa shi a laftof sai ka ce ba ka yarda da shi ba?

Wani kuma zai ce yana da wuya, sai 'yan jami'a. Ni sakandare na gama, daga nan sai rumfar albasa. Yaron da ya iya warware injin babur ya mayar a bakin titi, wanda ya iya lissafin canjin dala da sefa da ka ba tare da kalkuleta ba, wanda ya zo Ikko ba ya jin ko "ina kwana" da Yarbanci amma cikin shekara guda yana ciniki da shi, shi ne za a ce danna "Next" sau shida ya fi ƙarfinsa? Ba wuya ke hana mu ba, tsoro ne. An saba mana cewa cikin na'ura sirrin wasu ne, namu mu biya mu yi godiya.

Kada kuma in yi muku irin ta mai gyaran can, in faɗi rabi in ɓoye rabi. In sana'arka zane ce da CorelDRAW ko Photoshop, irin masu buga kati da fosta, waɗannan ba a yi su don Linux ba, ka zauna kan Windows na gaskiya da na'urar da ta cika sharaɗi. Wasu firintoci ma sukan yi gardama. Amma tsakani da Allah, mu nawa ne ke wannan aikin? Yawancinmu buƙatarmu rubuta takarda, lissafin kaya, shiga intanet, WhatsApp, sauraron karatu da kallon fim. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, Firefox yana nan a ciki, VLC yana kunna kusan komai. Har da tsarin kibod na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ. Kuma bairos ɗin nan da ke maƙalewa a fulash in ka je bizines santa, wanda ke ɓoye fayiloli, don Windows aka yi shi, a nan ba shi da ƙafar tsayawa.

Yanzu ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Ƙannenmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan suna shiga ɗakin jarrabawa, wasunsu ranar ce ta farko da suka riƙe maus. Yaro ya san amsa, amma hannunsa na rawa, lokaci na tafiya. A daidai wannan lokacin kuma iyayensu na sayar da lafiyayyun laftof a kilo. Iyayenmu, da girmamawa nake faɗa: in kun ga yaro ya kwance bayan kwamfuta yana leƙawa, kada ku ce wasan banza yake yi. Ta haka masu shagunan Otigba da Alaba da muke kai wa kuɗinmu suka fara. Mun yarda mu ne masu shayi, mu ne masu gadi, mu ne masu tura baro, kuma babu kunya a sana'ar halal. Amma wa ya rubuta cewa a nan za mu tsaya?

Ga abin da nake roƙo. Ka nemi fulash mai 8GB. Ka sauko da Linux Mint daga shafinsu na asali, ka zuba a fulash ɗin da wata 'yar manhaja mai suna Rufus. Ka tayar da kwamfutar daga fulash ɗin, za ta buɗe ka gwada komai ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. In ta yi maka, ka fara kwafe takardunka da hotunanka zuwa wani wuri, na maimaita, ka fara kwafewa, sannan ka girka. In da ɗan canji a hannu, ka sauya tsohon hadis ɗin da SSD, za ka rantse sabuwa aka ba ka.

Laftof ɗin Baba Alhaji kuwa, daren Lahadi na gama da ita a hasken janareton maƙwabta. Yanzu tana hannun 'yarsa mai aji biyar a sakandare, tana koyon bugun rubutu. Da na mayar masa ya ciro kuɗi zai ba ni, na ce, "Baba Alhaji, a bar shi, sai dai in ta iya ta koya wa ƙannenta." Duk mai wata a ƙarƙashin gado ya karkaɗe ta. Wanda ya iya kuma ya zaunar da mutum ɗaya ya koya masa. Allah Ya sa mu dace. Wassalam.