Ba Wanda Ya Sayar Da Bakassi

A teburin mai shayi ko a muhawarar rediyo, da an ambaci Bakassi sai ka ji an ce sayar da ita aka yi. Wasu su ce Gowon ne ya yi wa shugaban Kamaru Ahmadu Ahidjo tukuici da ita, don ya toshe wa Biyafara hanya lokacin yaƙin basasa. Wasu su ce Obasanjo ne ya miƙa ta don Turawa su yabe shi. Labarin yana shiga kunne, tunda ya ba mu mutum guda da za mu tsine wa. Matsalarsa ɗaya, akwai takarda.

Ranar 11 ga Maris 1913 Ingila da Jamus suka ja iyaka ta bi kogin Akpayafe, Bakassi ta faɗa ɓangaren Jamus, wato Kamaru. A lokacin ko haihuwar Gowon ba a yi ba. A 1962 gwamnatinmu da kanta ta aika wa Kamaru wasiƙa mai tabbatar da wannan layi. Abin da Gowon da Ahidjo suka sa wa hannu a Marwa a 1975 iyakar teku ce, kuma a kan tsohon layin aka ɗora ta.

A kotun duniya da ke Hague, lauyoyinmu sun dogara da yarjejeniyar 1884 tsakanin Ingila da sarakunan Kalaba. Suka ce amana aka ba Bature, ba shi da hurumin yin kyauta da ita. Wallahi ni ma na so wannan hujja ta ci. To amma in an buɗe ƙofar, wace iyaka ce za ta tsira? Wadda ta raba Katsina da Maraɗi? Mu 'yan Arewa ma ya kamata mu rage murya. Mubi da Gwoza da Dikwa da Gembu duk tsohuwar ƙasar Jamus ce, ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ce ta kawo mana su, ita ce kuma ta ba Kamaru kudancin yankin. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abin da ya hura wutar dai man fetur ne. A 1981 aka kashe sojojinmu biyar a yankin Bakassi, Shagari ya danne zuciyarsa. A Disambar 1993 Abacha ya tura dakaru, wata uku bayan haka Kamaru ta shigar da ƙara. Wato ƙarfin da ake yabawa yau shi ya kai mu gaban alƙalai, inda takarda ke magana. Hukunci ya fito ranar 10 ga Oktoba 2002, Obasanjo da shugaban Kamaru Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa Bakassi a Greentree a 2006, aka kammala miƙawa ranar 14 ga Agusta 2008, zamanin 'Yar'aduwa. Masu cewa da mun ƙi bin hukuncin su tambayi Habasha da Eritiriya gawa nawa suka binne kan garin Badme tsakanin 1998 da 2000. Su kuma yi tunanin yaƙi da Boko Haram a tsaunukan Mandara alhali muna gaba da Kamaru.

Inda aka yi zalunci na gaske, masu ihun ba sa leƙawa. An kwaso masunta 'yan ƙabilar Efik da maƙwabtansu aka zube a yankin Akpabuyo, mutumin da ya tashi da kwalekwale da koma ya wayi gari yana bin layin tallafi. Waɗanda suka ƙi tashi suka zama baƙi a bakin ruwan da kakanninsu suka yi su.

Sannan ga Darak. Tafkin Chadi yana janyewa, masunta da manoma, har da Hausawa da Barebari, suna binsa, suka ƙetare iyaka ba su sani ba. Wannan hukunci dai shi ya sa aka miƙa ƙauyukansu fiye da 30 ga Kamaru a Disambar 2003. Shekara da shekaru ina jin ana kukan Bakassi a majalisa da jaridu, sunan Darak kuwa sai ka tona kafin ka same shi. Bandar kifi suke kawowa kasuwa, ba gangar mai ba.