Zobe da darasin cunkoso: Abin lura kafin a gina wurin shaƙatawa a Dutsin-Ma

A mafi yawan garuruwan Arewa, harkar shaƙatawa tana da kaka kamar noma. Kwanaki uku zuwa biyar na ƙaramar Sallah da na babbar Sallah su ne lokacin girbi. A waɗannan ranaku gidan namun daji na Audu Baƙo da ke Kano kan cika ya batse, haka ma filayen wasan yara na Katsina da Zariya da Sakkwato. Da zarar bukukuwa sun wuce sai wuraren su koma shiru, lilo ya yi ƙura, masu tsaron ƙofa su yini suna gyangyaɗi. Duk mai son zuba jari a otal ko wurin shaƙatawa a tsakiyar Jihar Katsina, wannan yanayi ne zai fara fuskanta.

Dutsin-Ma na cikin garuruwan da ido kan kai gare su idan ana wannan magana, kuma da dalili. Kusa da garin akwai madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa, wadda aka kammala a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari. Akwai duwatsun da garin ya samo suna daga gare su. Akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Hanyar da ta taso daga birnin Katsina ta bi ta Kurfi ta sa tafiyar ba ta da nisa ga iyalin da ke son fita da safe su dawo da yamma. Ruwa da dutse da ɗalibai da hanya, duk sun haɗu a wuri guda.

Sai dai tarihin irin waɗannan wurare a Arewa yana ɗauke da gargaɗi iri biyu, kuma kowanne ya isa a tsaya a kansa.

Na farko shi ne hatsarin rashin baƙi. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, an gina otal a bakin tafkin Bagauda, an kuma gina Rock Castle a kan dutse yana kallon madatsar Tiga. Wuraren sun yi suna, manyan baƙi sun kwana a cikinsu. A yau ginin Bagauda ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, shi kuwa Rock Castle ya shafe shekaru masu yawa ba ya aikin da aka gina shi dominsa. Ba kyan wuri suka rasa ba. Otal yana biyan albashi da kuɗin man janareta da gyaran famfo kwana 365 a shekara, kuma cinikin kwana goma ba ya ɗaukar wannan nauyi.

Na biyu shi ne hatsarin yawan baƙi, kuma ya fi muni domin rai ake rasawa. A ranar 18 ga Disamba, 2024, yara 35 suka mutu a turmutsitsin wani bikin yara a Basorun da ke Ibadan, inda jama'ar da ta taru ta fi ƙarfin tanadin da aka yi. A nan Jihar Katsina ma, a watan Mayun 2022, kwalekwale ya kife da yaran da suka fita yawon Sallah a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, aka yi asarar rayuka. Watanni kaɗan kafin haka, a ƙarshen Nuwamban 2021, irin wannan ya faru a madatsar Watari da ke Ɓagwai a Jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk wurin nishaɗin da za a yi a bakin Zobe, yara da ruwa mai zurfi ne za su haɗu a ranar da aka fi cunkoso.

Waɗannan hatsarori biyu tushensu ɗaya ne. Mai wurin da ya yi wata biyar babu ciniki, ranar Sallah ba zai so ya mayar da kowa daga ƙofa ba. Zai ci gaba da sayar da tikiti har sai fili ya ƙi ɗauka. Mai kwalekwale zai ƙara fasinja biyar a kan ƙa'ida, domin gobe babu kowa. Otal zai karɓi kuɗin ɗakin da ya riga ya ba wani. Yunwar sauran watanni ita ke haifar da haɗamar ranar biki.

Abin da baƙo ke gani a irin wannan rana sananne ne. Magidanci ya biya wa iyalinsa kuɗin shiga, sannan su shafe rabin yini a layi cikin rana kafin yaro ya hau lilo na minti uku. Ruwan banɗaki ya ƙare tun kafin La'asar. Babu inuwar da mai goyo za ta zauna, babu wurin alwala da ya wadatar, ga 'yan sane suna kai-komo, ga kukan yaran da suka ɓace wa iyayensu. Wanda ya kama ɗaki domin ya huta da iyali sai ya tarar da masu yawon yini sun cika harabar har bakin ƙofarsa. Irin wannan baƙo ba ya dawowa, kuma zai hana maƙwabcinsa zuwa. Ta haka cunkoson kwana uku ke ƙara tsawaita shirun sauran shekara.

Manyan wuraren wasa na duniya ma sun ɗanɗana wannan. Ranar 17 ga Yuli, 1955, da aka buɗe Disneyland a Jihar Kalifoniya ta Amurka, tikitin jabu ya sa mutane sun zarce adadin da aka gayyata, abinci ya ƙare, famfunan shan ruwa ba su yi aiki ba. Daga baya kamfanin ya mayar da lissafin jama'a babban sashe na sana'arsa. A 1999 ya fito da tsarin FastPass, inda ake ba baƙo lokacin da zai dawo ya hau abin wasa maimakon tsayuwa a layi. Misalin da ya fi kusa da alhazan Katsina shi ne wurin jifan Shaiɗan a Mina. Bayan turmutsitsin Janairun 2006 da ya ci rayuka fiye da 340, hukumomin Saudiyya sun rushe tsohuwar gadar Jamrat suka gina mai hawa-hawa, suka raba hanyar shiga da ta fita, suka kuma tsara wa ayarin alhazai lokutan jifa. A duka wuraren biyu, sarrafa taro ya zama aikin da ake tsarawa tun kafin taron ya zo.

Yawancin abin da ake buƙata a Dutsin-Ma ba mai tsada ba ne. A san adadin mutanen da wuri zai ɗauka, a rubuta shi a ƙofa, a daina sayar da tikiti idan an kai. A raba ranar Sallah zuwa zango biyu ko uku. A ware ƙofar fita daban da ta shiga, a keɓe sashen masu kwana daga na masu yawon yini. Kada kwalekwale ya tashi sai kowa ya sa rigar ruwa, kuma masunta da suka san zurfin Zobe su ne suka fi dacewa a ɗauka aikin ceto. Akwai kuma batun tsafta. Tun Yulin 2021 da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe, ruwan madatsar ya zama abin sha ga jama'a masu yawa, saboda haka ba wurin da za a bar shara da ƙazantar dubban baƙi su kwarara ba ne.

Aiki mafi wuya shi ne cike gurbin sauran watanni, kuma a nan Dutsin-Ma ta fi Tiga da Bagauda sa'a. Garin jami'a yana da baƙi a kusan kowane wata: iyayen da ke kawo sababbin ɗalibai, mahalarta bikin yaye ɗalibai, malaman da ke zuwa taron ƙara wa juna sani. Makarantun Kurfi da Safana da Charanchi na iya kawo ɗalibai ziyarar ilimi a tsakiyar mako bisa rangwame. Otal da ya dogara da irin waɗannan baƙi ba zai ga Sallah a matsayin ranar fanshe asarar shekara ba.

Dukkan wannan lissafi yana rataye ne da tsaro. Yankin ya sha fama da 'yan bindiga, har ɗaliban jami'ar ma an sace wasunsu daga masaukinsu a Oktoban 2023, watan da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. A 2025 al'ummomin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Kurfi, sun zauna sulhu da masu ɗauke da makamai. Idan zaman lafiya ya ɗore, mutanen da suka daɗe a takure za su fito neman inda za su sha iska, kuma za su fito da yawa a lokaci guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya rage ga gwamnatin jiha da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da sarakunan yankin su shimfiɗa ƙa'idar adadin baƙi da ta tsaron ruwa tun yanzu, kafin a ba kowa izinin aza tubali a bakin Zobe.