Raddi Ga Masu Cewa Kiɗan Fiyano Ba Gwaninta Ba Ne

Daga Kazaure zuwa Roni, Gwiwa da Babura, da wuya a tashi daga biki ba a ji wani dattijo ya ce fiyano ba kiɗa ba ne, danne-danne ne kawai. Ina girmama masu wannan magana, amma hujjojinsu ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Sun ce na'ura ke kiɗan, ba mutum ba. Nan sun haɗa abu biyu. Fiyanon asali, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Italiya wajajen 1700, babu ruwansa da lantarki. Na yau maɓallansa 88 ne, kowanne da 'yar gudumarsa mai bugun tsirkiya a ciki. Ka taɓa a hankali, amo ya fito a sanyaye. Ka danna da ƙarfi, ɗaki ya ɗauka. Hannun hagu na riƙe da gindin kiɗa, na dama na bin karin waƙa, ƙafa kuma tana tsawaita sauti. Mutumin da ya share shekaru kafin yatsunsa goma su daina karo da juna, ta yaya za a ce bai koyi sana'a ba? Abin da ke ba su haushi shi ne Yamaha ta situdiyo, wadda yaro zai kunna ajiyayyen kiɗanta ya harɗe hannu. Wannan lalacin makaɗi ne, kuma ina tare da su a kai.

Sun ce baƙo ne. Kakaki fa? Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa aka fara busa shi a fada, ga shi yau ba a hawan sarki sai da shi.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce fiyano ya kashe kalangu. Gaskiya ne kalangu yana magana: makaɗi ya matse tsarkiyarsa a hammata, ya sassauta, sai ka ji kirarin mutum ɓaro-ɓaro, kamar yadda makaɗan Mamman Shata suka saba yi. Fiyano bai iya wannan ba, domin kowane maɓalli muryarsa ɗaya ce. Gaskiya ne kuma tun fim ɗin Sangaya na 1999 kiɗan fiyano ya mamaye kasuwa. Amma wa ya daina gayyatar makaɗa? Mai biki ne, da ya ga hayar lasifika ta fi araha. Aminu Ala ya haɗa fiyano da kayan gargajiya, babu wanda ya danne wani.

Matasan masarautar Kazaure da maƙwabtanta, ku kashe ajiyayyen kiɗan nan, ku koyi bugawa da hannu biyu, ku je ku durƙusa gaban makaɗan kalangu tun suna raye.