Kada Mu Raina Mai Keke

Kowace Alhamis, tun da asuba, mutanen ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa sukan ɗaure kaji ko gero a bayan keke, su nufi kasuwar Maigatari. Da hunturu ƙura ta cika ido, leɓe ya tsage. Da bazara rana ta gasa su, inda rairayi ya yi yawa a sauka a tura. Da damina kuwa sai taɓo. Ga ƙaya, ga faci.

Amma mu ɗalibai a nan Gumel, da wani ya zo da tsohuwar Raleigh sai dariya. Wannan bai dace ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, da keken nan iyaye da yawa suke nemo kuɗin makarantarmu. Cikinmu wa zai iya zuwa Maigatari ya dawo kafin magariba?