Madugu Shi Kaɗai a Sararin Sama

A kudancin birnin Landan akwai wata unguwa da a ke kira Peckham. Wanda ya bi titin kasuwarta, watau Rye Lane, ya ga doya jibge, da manja, da busasshen kifi, da attarugu, sai ya yi tsammani a Legas ya ke, har ma waɗansu na yi mata laƙabi da Ƙaramar Legas saboda yawan 'yan Nijeriya da ke cikinta. A nan ne John Boyega ya tashi, wanda ya fito a fim ɗin nan na yaƙin taurari, Star Wars, a 2015. Amma fa in hunturu ya tsananta, rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Mutum ya taso daga aiki, ya hau bene, ya rufe ƙofa. Babu dandali, babu gindin bishiya, babu abokin dara.

A irin wannan zama ne wata al'ada ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka, musamman tun shekarar 2020 da annobar korona ta kulle mutane a gidajensu. Baligi mai hankalinsa ya share tebur, ya shimfiɗa allon wasa mai zanen taurari, ya jera katuna da 'yan kumbuna na roba, ya zauna sa'a biyu ko uku yana wasa shi kaɗai. Bahaushen da ya leƙo ya gan shi, ba shakka zai girgiza kai, domin a wurinsa wasa na mutum biyu ne ko fiye. Dara tana da gurbi 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ga kuma 'yan kallo a tsaye a kansu suna zuga; wanda aka tarar yana dara shi kaɗai, sai a fara tambayar ko lafiya. To, shin wannan wasa wauta ce da ɓarnar lokaci, ko kuwa da wani abu a ciki? Amsar ita ce da abu a ciki, mai yawa kuwa, sai dai rabi ne. Ɗaya rabin, abin mamaki, a Peckham ɗin nan aka gano shi tun kafin a ƙago wasannin.

Da farko ya kamata a san irin wasan. Turawa na kiransa da wani suna mai ma'anar akwatin yashi, watau wurin da a ke zuba wa yara rairayi su yi wasan ƙasa. Yaro a wasan ƙasa ba mai ce masa gina kaza. In ya ga dama ya gina gida, in ya ga dama ya haƙa rijiya. Haka wannan wasa ya ke. Misalinsa shi ne wanda a ke kira Xia, na wani Ba'amurke mai suna Cody Miller, wanda ya fito a 2014. A kan ba ɗan wasa ƙaramin kumbo, a sake shi cikin sararin da ba a san iyakarsa ba, gama allon ma guntu-guntu a ke jera shi, sai inda aka taka a ke buɗewa. Abin da a ke nema shi ne suna da ɗaukaka, amma hanyar samunsu da yawa: ko ya sayi kaya a wannan duniya ya kai waccan ya sayar, ko ya haƙo ma'adini, ko ya ɗauki aike, ko ya yi ta binciken sababbin wurare, ko kuwa ya zama ɗan fashi ya tare wa 'yan'uwansa hanya. A 2017 aka yi masa ƙari wanda ya ba da damar mutum ɗaya ya yi shi, yana gasa da kumbunan da ƙa'idojin wasan ke tuƙawa. Akwai wani kuma, Star Wars: Outer Rim, na 2019, shi ma a kan yi shi da mutum ɗaya.

Wanda ya san labarin fataken da, ai ya riga ya gane wasan. Fatauci ne aka mayar sama. Madugun da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro, da jakunansa da kanwarsa, irin shawarar da ke gabansa ke nan: wace hanya ce gajeriya, wacce ce mai lafiya, nawa za a kashe a kan masu tsaro, nawa za a bari na uwar kuɗi. A cikin Xia, cikin kumbo an raba shi gida-gida, kuma gidajen nan su ne na inji, su ne na garkuwa, su ne na makami, su ne kuma na haja. Wanda ya cika kumbonsa da garkuwa ya tsira da ransa amma ba shi da abin sayarwa. Wanda ya cika shi da haja ya zama nama ga ɗan fashi. Har wa yau, mai gaggawa yana iya faɗawa yankin da bai leƙa ba tukuna, ya ci sa'a, ko kuwa ya tarar tauraro ne mai wuta a gabansa, ya ƙone ƙurmus.

Sai dai a faɗi gaskiya, ta fuskar kimiyya Xia tatsuniya ce. Ɗan jefawa irin na ludo shi ke faɗin nisan da kumbo zai ci, alhali kuwa tafiyar sama ta gaskiya ba ta da wannan. Kumbon Voyager 2 ya tashi a 1977, ya isa duniyar Neptune a watan Agusta na 1989, a lokacin da masu lissafi suka tsara masa. Kuma tauraron da ya fi kusa da duniya, in an ɗauke rana, haske kansa sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso daga can, balle a ce ɗan kasuwa ya je ya komo kafin farashi ya sauya.

Wanda ke son wasan da ya kusanci gaskiya, sai ya nemi Leaving Earth, na Joseph Fatula, wanda ya fito a 2015. Shi wannan ya ɗauko tseren zuwa sama na Amurka da Rasha ne daga 1956 zuwa 1976, ya ɗora ɗan wasa a kujerar shugaban hukumar sama, da ɗan kasafin kuɗi kowace shekara. Ba ya yiwuwa sai da fensir da takarda. Kowane zango na tafiya yana da lambar wuyarsa. A ninka ta da nauyin kaya, abin da ya fito shi ne ƙarfin rokar da a ke bukata. Amma roka ita ma tana da nauyi, saboda haka rokar da za ta yi aiki a zango na uku, kaya ce a wuyan ta zango na biyu, su biyun kuma kaya ne a wuyan ta farko. Dole mutum ya faro lissafi daga ƙarshen tafiya ya komo baya. Buzayen da ke kai ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma sun daɗe da sanin wannan matsala. Hamadar Tenere ba ta da abin kiwo, don haka raƙumi shi ke ɗaukar ciyawar da zai ci, har a riƙa ajiye dammuna a hanya saboda komowa, kuma kowane dami ya tare wurin wata haja. Wani malamin makaranta a garin Kaluga na Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, wanda ciwo ya taɓa masa ji tun yana yaro, shi ya buga wannan lissafi game da roka a 1903, yana aiki kusan shi kaɗai a gidansa. Rokar Saturn V da ta kai mutane wata a 1969 ta kai nauyin tan 2,900 ko kusa da haka sa'ad da ta tashi, wajen kashi 90 cikin 100 duk mai ne, abin da ya komo duniya da mutane uku a ciki kuwa bai kai tan 6 ba. Yaron da ya yi dare uku yana fama da Leaving Earth zai fahimci dalilin haka fiye da wanda aka karanta wa a aji sau goma. Gani ya kori ji.

A nan kaɗaici ma riba ne. Babu mai cewa yi sauri, babu mai dariya in an yi kuskure, mutum na iya rushe shirinsa ya sake sau biyar. Ba kuma caca ba ce, tun da ba a sa ko anini. Wani abu kuma da ba a cika faɗi ba: mai wasa shi kaɗai ba wanda ke ganinsa. In ɗan jefawa ya ba shi abin da ba ya so, hannunsa na iya sake jefawa, ba mai tuhumarsa har abada. Wanda ya bar kumbonsa ya ƙone alhali yana da ikon yin maguɗi, ya san wani abu game da kansa wanda da wuya ya sani a cikin taro.

To, ina rabin da ya ɓace? A 1926 waɗansu likitoci biyu, George Scott Williamson da Innes Pearse, suka buɗe wani ɗan gida a titin Queen's Road na Peckham. Tunaninsu shi ne likitoci sun daɗe suna binciken cuta, amma ba wanda ya zauna ya binciki lafiya kanta. A 1935 suka koma wani babban gini da aka yi musu musamman a St Mary's Road, wanda injiniya Owen Williams ya tsara, aka sa masa suna Pioneer Health Centre. Iyali ke shiga, ba mutum ɗaya ba, a kan sule ɗaya kowane mako, har iyalai wajen 950 suka shiga. A kan duba lafiyar kowa sau ɗaya a shekara, a gaya masa abin da aka gani, a bar shi da shawararsa. Ban da wannan, ba a umurtar kowa da kome. Ga tafkin iyo a tsakiyar gini, ga ɗakin motsa jiki, ga dandalin rawa da na wasan kwaikwayo, ga wurin shan shayi. Kowa ya yi abin da ya ga dama. Akwatin yashi ke nan, amma na mutane masu rai.

Watannin farko abin bai yi kyau ba. Yara suka yi ta guje-guje da ɓarna, har waɗansu ma'aikata suka nemi a kafa doka, Williamson ya ƙi. Aka shirya musu darasin iyo a tsare, yawancinsu suka ƙaurace masa. Sai wata ma'aikaciya, Lucy Crocker, ta fito da dabarar ba kowane yaro 'yar takardar izini ya ɗauki abin da ya ke so a lokacin da ya ke so. Sannu a hankali hayaniya ta kwanta, yara da yawa suka koyi iyo ba tare da malami ba. Ita da Pearse suka rubuta labarin a littafi a 1943. Wannan ya goyi bayan mai wasan akwatin yashi: mutum in an sakar masa mara, ba lalle ya lalace ba, sau da yawa ya kan tsara wa kansa abin da ya fi wanda za a tsara masa.

Amma a dubi ginin da kyau. Bangayensa na ciki gilashi ne, da gangan. Mai shan shayi yana hangen masu iyo, uwa tana hangen ɗanta a kan igiyar lilo, tsohon da bai taɓa rawa ba yana hangen tsaransa suna yi. Abin da likitocin suka lura shi ne, ganin wani yana yin abu, musamman wanda bai fi ka da nisa ba, shi ke tayar da sha'awar yinsa. Yaron da ya faɗa ruwa ba malami ya tura shi ba, ɗan maƙwabcinsu ya gani. Watau 'yancin zaɓi ya yi amfani ne domin zaɓin kowa a bainar jama'a ya ke.

Wannan shi ne abin da tebur ɗin mutum ɗaya ba zai bayar ba, kome kyan wasan. Kumbunan da ƙa'ida ke tuƙawa ba su yin ƙarya, ba su riƙe mutum a zuci, ba su jin tausayi. Ɗan kasuwar takarda ba a taya masa ya ce albarka. Bayan wasa goma mutum ya haddace halinsu sarai, daga nan kuwa ba ya koyon sabon abu sai maimaita dabarar kansa, kuma ba wanda zai nuna masa wata hanya da bai taɓa tunani ba. Masu kare wasan kan kawo misalin Michael Collins, wanda ya zauna shi kaɗai cikin kumbo yana kewaya wata sa'ad da Armstrong da Aldrin suka sauka, kowane kewaye yana yin minti 48 ko kusa da haka a bayan wata, inda ko rediyo ba ta kai masa. Ya ce bai ji kewa ba, kuma babu dalilin ƙaryata shi. Sai dai duk sa'ad da ya ɓullo daga bayan wata, murya na jiransa daga Houston, mutum wajen 400,000 kuma suka yi aikin da ya kai shi can.

Saboda haka uban da ya tarar da ɗansa a ɗaki yana ninka nauyin roka, kada ya kwashe allon ya ce shirme ne. Gara ya jawo kujera ya tambaye shi me ya sa ya ɗauki roka biyu ba uku ba. Ma'aikacin da ya komo daga aikin dare, ba shi da abokin da lokacinsu ya zo ɗaya, ya yi wasansa ba da jin kunya ba, ya fi masa zama yana ta latsa waya. Amma in ya sami hali, ya fito da allon daga ɗakin kwana ya kai falo, ko ya ɗauke shi zuwa wurin da jama'a ke zama, inda wani zai wuce ya tsaya ya ce, wannan kuwa mene ne? Akwatin Xia tun asali na mutum uku zuwa biyar ne, Leaving Earth kuma yana ɗaukar har biyar.

Cibiyar Peckham ta rufe lokacin yaƙin duniya na biyu, aka sake buɗe ta a 1946. Da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasar Ingila a 1948, aka ga tsarin cibiyar bai shiga cikin nata ba, kuɗi suka yanke, aka rufe ta a 1950. Ginin yana nan a St Mary's Road, an yanka shi gida-gida, kowane mazauni da ƙofarsa da mabuɗinsa.