Hunturu Ya Kunno Kai: Ina Lambunmu, Ina Tsarabarmu?

Da zarar hazo ya fara lulluɓe gari da safe, leɓɓa suka fara tsagewa, aka ga manomi ya gama kai amfanin gona rumbu, to ba sai an gaya wa kowa ba, kaka ta yi sallama, hunturu ya kunno kai. A da, wannan lokaci yakan zo wa magidanci da hidima iri biyu. Ta farko ita ce tayar da lambu, a bakin fadama ko a bayan gida. Ta biyu kuwa ita ce tanadin abin da za a riƙe a hannu, domin lokaci ne na tafiye-tafiye da bukukuwan aure, tunda aikin gona ya yi sauƙi kuma kuɗin kaka sun shigo. Ra'ayina shi ne, mu da ake kira 'yan boko mun yi watsi da hidimar farko, ta biyun kuma mun miƙa ta ga masana'antun wasu ƙasashe, sa'an nan muka koma ofis muna kukan tsadar rayuwa da rashin aikin yi na matasa, kamar babu hannunmu a ciki.

Bari in fara da wani ruɗani da littattafan makaranta suka dasa mana. An koya mana cewa shekara tana da lokuta huɗu kamar yadda Turawa suka kasa tasu, aka kuma ɗauki hunturu aka ɗora shi a kan lokacin sanyinsu, wai ma'anarsu ɗaya. Sanyin ne kawai ya haɗa su. A Ingila ko arewacin Amurka, idan sanyi ya gabato, mai lambu nannaɗe tabarmarsa yake yi: ya tone sauran dankalinsa, ya rufe ƙasa da busassun ganyaye don kada ƙanƙara ta yi mata illa, ya binne tafarnuwa, ya koma ɗaki ya jira watan Maris. Mu kuwa a nan, sanyin shi ne jarinmu. Tumatir da kabeji da latas da karas da albasa, har da alkama, duk sun fi samun yadda suke so tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da dare ke da sanyi, kuma cututtukan da laimar damina ke kawowa suka ja baya. Da zarar bazara ta kama, zafi ya tsananta, furen tumatir kaɗewa yake yi ba tare da ya ƙulla 'ya'ya ba. Manoman Kadawa da Kura, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga tun bayan kammala ta a 1974, ba su buƙatar wani ya karanta musu wannan. Mu ne muka manta.

Shirin kuwa ba wani abu ne mai wuyar gaske ba, sai dai yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ba ta jiran mai jinkiri. Wanda ke son ya tsinki tumatir a Janairu ko Fabrairu, tun cikin Oktoba ko farkon Nuwamba ya kamata ya zuba irinsa a wurin reno, domin sai ya yi kamar mako huɗu kafin ya isa dashe. Ana yin dashen ne da yamma, a bi shi da ruwa, don kada rana ta dake shi tun bai kama ƙasa ba. Albasa ta fi tumatir daɗewa a reno. Karas kuwa ba ya son a taɓa masa saiwa, inda aka shuka shi nan zai girma, sai dai a rage masa cunkoso. Kafin duk wannan, sai an kaftu ƙasa an gauraya ta da taki, an ja fangali yadda ruwa zai kwanta. A nan ne yawancin sababbin shiga ke yin kuskure, su kwaso ɗanyen kashin kaji su zuba a gindin shuka, bayan kwana biyu su tarar ta ƙone. Taki sai ya ruɓe ya huce. Iskar hunturu kuma tana tsotse laimar ƙasa cikin 'yan sa'o'i, saboda haka ake rufe fangali da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa, a kewaye wurin da darnin kara ko zana, wanda zai tare iska ya kuma tare akuyar maƙwabta. Ga karan dawa nan birjik a wannan lokaci, wasu ma wuta suke cinna masa.

Na san abin da mai karatu zai ce: a ina? Gaskiya ne da yawa daga cikinmu haya muke yi, kuma famfo a birane da dama ya zama kayan ado. To amma mu dubi gidajen da muka gina da kanmu. Mutum ya sayi fili mai faɗi, ya malale shi da siminti tun daga bakin ƙofa har jikin katanga, ya bar 'yar kusurwa ya dasa furannin da ko akuya ba ta ci, ya haƙa rijiyar burtsatse, kullum safiya ana wanke motoci biyu da ruwan da zai ishi fangali goma. Wannan mutum ba rashin wuri ko ruwa ne ya hana shi lambu ba. Ganin yake aikin bai dace da matsayinsa ba. Shi kuwa ɗan haya, tsohon buhun siminti ko na shinkafa, in aka cika shi da ƙasa da taki, yana ɗaukar tumatir ko attaruhu, kuma ruwan alwala da na ɗaurayar kayan miya, in dai babu sabulu mai yawa a ciki, ya wadatar. Zogale ma reshensa kawai ake kafawa.

Ba yau aka fara wannan kira ba. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, inda aka nemi makarantu da ma'aikata kowa ya noma ɗan abin da zai ci. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin na bunƙasa noma a 1980. Duk sun wuce, kuma kuɗin man fetur ya sa muka ɗauka ba za mu sake buƙatarsu ba. Sai ga shi a 2016 wata tsutsa ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa, har miyar ja ta gagari gidaje da yawa. Bayan janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ba na cewa buhu biyar na tumatir a bayan gida zai magance wannan, kuma ba zai rage wa manomin Kadawa ko na Aliero kasuwa ba, tunda shi tireloli yake lodawa zuwa Legas. Abin da zai yi shi ne ya sauƙaƙa kuɗin cefane na 'yan watanni, ya kuma nuna wa yaron da aka haifa a birni cewa albasa a ƙarƙashin ƙasa take yin kai.

Mu koma ga hidima ta biyu. Harshen Hausa bai yi rowar kalmomi ba a fagen bayarwa, kuma kowace da muhallinta. Abin da saurayi ya kai wa budurwa toshi ne. Abin da aka ba ɗan aiken da ya kawo kyauta tukuici ne. Na biki gudummawa, na babba gaisuwa, na yara ranar idi goron Sallah. Amma wadda ta fi jan hankalina ita ce tsaraba, domin ita kaɗai ce ke tafe da sunan gari a bayanta: tsarabar Kano, tsarabar Bida, tsarabar Makka. Ma'anarta ita ce, na je wuri kaza, ga abin da mutanen wurin suka iya, na tuna da kai. Yau kuwa, ma'aikaci ya taso daga Kaduna ko Abuja zuwa garinsu hutun ƙarshen shekara, bayan motarsa cike da biskit da lemon kwali da bargon roba da kwanukan da aka ƙera a Sin. A ofisoshi ana rabon kwandunan kyauta waɗanda in ka kwance su, da wuya ka sami abu biyu da aka yi a ƙasar nan, wani lokaci har kwandon kansa baƙo ne. Kai, ko tsarabar Makka, sanin kowa ne cewa alhazai da yawa sai sun dawo suke haɗa ta a kasuwannin Kano, tasbaha da darduma duk ƙirar Sin. Kalmar tana nan a bakinmu, garin da ke bayanta ne ya ɓace.

Abin takaicin shi ne, mu ne a da muke sayar wa duniya. Lokacin da Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan ana kai su har Tambutu da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta cinikinsu da aƙalla wuri miliyan 300 a shekara. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, saboda ta can take ratsawa kafin ta isa gare su. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana nan, amma karofi kaɗan ne ke aiki, sauran sun cika da shara, kuma baƙi masu yawon buɗe ido sun fi mu sanin hanyarta. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a farkon shekarun 2000, babbar masaƙar UNTL ta bi ta a 2007, dubban magidanta suka koma gida. Mukan ɗora laifin a kan rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da sakacin gwamnati, kuma duk gaskiya ne. Amma wa ya shiga Kantin Kwari ya zaɓi atamfar waje? Ba aljanu ba ne.

Kuma ba a ce babu abin saye ba. Akwai hular Borno mai ɗinkin hannu, wadda mace kan shafe makonni tana yi. Akwai turaren wuta da humra na Maiduguri, da tagulla da duwatsun wuya na Bida, da jaka da takalmi da titimi na dukawan Kasuwar Kurmi da na Naraguta a Jos, da saƙi na Minjibir. Muna riƙe da hoton Ladi Kwali a takardar naira ashirin, amma gidaje nawa ne a cikinmu ke da tukunya ko randa ta ƙasa? Idan na baki ake so, ga kilishi, ga zuma, ga mazarƙwailar Maƙarfi, ga alkaki da nakiya da dubulan waɗanda wata baiwar Allah a unguwarku take yi tana biyan kuɗin makarantar marayunta. Naira dubu ashirin da aka kashe a wurin baduku, kafin mako ya zagayo ta ratsa hannun majemi da mahauci da mai kiwo da mai koko. Wadda aka kashe a kan bargon roba, ɗan kasuwa ya cire 'yar ribarsa, sauran ta koma dala ta haye teku. Maƙwabcinka Kirista ma, idan Kirsimeti ta zo, ƙwaryar zuma ko kwandon kayan lambun gidanka ya fi masa armashi a kan kwalin da shi ma zai iya saye a kanti.

Ba zan wanke masu sana'armu tas ba. Akwai saɓa alƙawari, akwai aikin gaggawa da rashin gogewa a wurin gamawa. Na taɓa ba wani baduku aikin jakunkuna uku da zan kai wa abokan aiki, ya ce mako biyu, sai da aka yi shida, kuma ɗaya ta zo da maɗauri a karkace. Na yi fushi, amma da na natsu sai na ga ni ma da laifina, domin na je masa ne a lokacin da kowa ke zuwa, na kuma matse shi a farashi har ya sallama ba da son ransa ba. Wannan ɗabi'a tamu abin dubawa ce. Mukan shiga babban kanti mu biya abin da aka liƙa a jikin kaya ba tare da ko tari ba, amma idan tsohuwa ta kawo faifai ko tabarmar kaba da ta kwana huɗu tana saƙawa, sai mu taya rabin kuɗi, mu yi ta jan ciniki har ta gaji. Sana'a ba ta gyaruwa sai da mai saye mai dawowa, wanda zai biya haƙƙi, ya nuna aibi, ya ce a gyara. Kayan Sin ɗin da muke yabo a yau, shekaru talatin da suka wuce raina su ake yi a kasuwa.

Akwai kuma wani dalili da ya sa maganar ba ta jira. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, saboda haka azumi yana ta matsowa cikin sanyi. A 2026 cikin Fabrairu ya kama, kuma bisa lissafi, a 2030 zai kama sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Wato nan da wasu shekaru, kayan azumi da ɗinkin Sallah da bukukuwan ƙarshen shekara da hutun makaranta duk za su taru a cikin hunturu guda, a kan albashi guda. Latas da tumatir da aka dasa a Nuwamba su ne za su zo daidai buɗa-baki, hular da aka ba da aikinta a Oktoba ita ce za ta iso kafin idi. Mai ɗinkin hula ba ya iya haɗa aikin wata guda a mako ɗaya don kawai mai kuɗi ya zo a makare, haka nan irin tumatir ba ya isa dashe kafin mako huɗunsa su cika.