Man Agadem: a hannun wa mudun awo yake?

Daga Nuwamban 2011 da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki, zuwa Mayun 2024 da jirgin ruwa na farko ya yi lodin ɗanyen man Nijar a tashar Seme ta ƙasar Benin, muhawararmu ba ta wuce ganga nawa aka fitar da kuɗi nawa suka shigo ba. Amma akwai tambayar da ta riga waɗannan: wa ya auna man da ke kwance ƙarƙashin Agadem, kuma wa ke riƙe da sakamakon?

Babu mai leƙa ƙarƙashin ƙasa ya ƙirga mai. Injiniyoyi kan gina kwaikwayon ma'ajiyar man a kwamfuta, su tambaye shi abin da rijiyoyi za su bayar nan da shekara ashirin. Kafin nan sai an ɗebo samfuri daga can ƙasan rijiya cikin rufaffiyar kwalbar ƙarfe, a kai ɗakin gwaji, a ga yadda man ke sauyawa da zafi da matsi. Wannan awon ake kira PVT. Shi ke nuna kaurin man, da yawan gas ɗin da ya narke a ciki, da matakin matsin da gas zai fara ɓallewa, kamar an buɗe lemun kwalba.

Idan mai ya hau sama, gas na fita, shi kuma ya ragu. A misali, in aka rubuta cewa ganga 110 na ƙasa ke ba da 100 a sama alhali 120 ake buƙata, an kumbura dukiyar da kusan kashi 9 cikin ɗari. Kwamfuta ba za ta yi gardama ba, abin da aka ba ta shi za ta juya. A kan irin wannan hasashe ake tsara yawan rijiyoyi, da kasafin kuɗi, da bashin da mai zai biya, irin dala miliyan 400 da kamfanin CNPC ya amince ya ba Nijar a Afrilun 2024.

Lokaci ma ba ya jira. Samfuri mai inganci tun farkon haƙa ake ɗaukarsa. Da zarar matsi ya faɗi, gas ya fara rabuwa da mai a cikin dutse, abin da za a ɗebo ba zai nuna ainihin man ba.

Wasu za su ce a bar wa kamfani, tunda shi ke da kayan aiki. Ba zargin kowa ake ba, amma ko a kasuwar hatsi ta Maraɗi mai hankali ba ya barin mudu a hannun mai saye shi kaɗai.

Ya kamata ma'aikatar man fetur da SONIDEP su riƙe cikakken rahoton kowane gwaji, da kwafin samfurin, tare da ƴan ƙasa masu iya sake lissafin da kansu. Makaranta irin EMIG ta Yamai na buƙatar ɗakin gwajin da ɗalibi zai koyi aikin da hannunsa. Injiniyoyinmu da ke aiki a ƙetare kuwa, a buɗe musu ƙofa da albashin da zai dawo da su gida.

Matasa masu kishin dukiyar ƙasa, ku ƙara wannan cikin tambayoyinku ga mahukunta: rahotannin awon man Agadem suna ina, kuma ƴan Nijar nawa ne ke iya karanta su?